Naman Juma'a da Hannun Keldrick

"…lafiya lau, tsoho mai ran ƙarfe. Ashe har yanzu kana nan? Ni da na taho da baƙar rigata a mota."

"Adana ta, ja'ira. Ranar aurenki za a sa, don ranar ce za a yi makokin wani bawan Allah."

Haka Ozell Tarpley da jikarsa Renita suke gaisawa tun ba ta iya ɗaura takalmi ba. Hantsin Juma'a ne, yana bayan gidansa a gabashin Texas ta Amurka, ya sa naman ƙirjin bijimi a gangar gasa nama, hayaƙi ya cika unguwa. Gobe ne wasan ƙarshe na bana a filin jami'a, kuma ƙanen Renita, Keldrick, yana cikin masu cafkar ƙwallo, irin ƙwallon Amurka da ake jefawa da hannu. Ozell ne ya rene su su biyu tun rasuwar uwarsu. Ƙwallon nan ita ke biya wa yaron karatu, duk ranar da koci ya ce masa an gode, to ranar karatu ya ƙare. Ita kuwa Renita a ofishin kocin take aiki, ita ke zama gaban kwamfuta tana auna ƙwazon 'yan wasa, aikin da tsohon ya rantse bai kai sharar titi daraja ba.

"Me ya fito da ke daga kogon naku da hantsin nan?" in ji shi. "Ko kwamfutar ce ta gaji da ganin fuskarki?"

"Hayaƙinka ne. Tun daga babban titi mutane ke tsayawa suna tambayar gidan wa ya kama da wuta."

"Yawu ne ya tsayar da su. Naman nan fasto ya taɓa ci sau ɗaya, ya yi wata guda yana sa ni a addu'a."

"Eh mana, yana roƙon Allah ya yafe maka haƙorinsa da ka karya."

Tsohon ya ƙyalƙyale da dariya har da tari. Amma da ya ɗago sai ya ga ita ba ta yi ba. Ta zauna bakin matakala, ta rungume jakarta a ƙirji, idonta ya yi ja. Bai so ganin haka ba, sai ya ƙara wuta.

"Ke da ba ki taɓa cafe ko ƙwai ba, wai ke ce alƙaliyar masu cafka! Duniya ta lalace."

"Na cafe ka ranar da ka zame a ƙofar coci."

"Rungumarki na yi don tausayi, na ga babu mai yi. To, uwar lissafi, faɗa min. Bara da bana, yaushe aka fi jefa wa Keldrick ƙwallo?"

"Bana."

"Da nawa?"

"Ninki biyu."

"Ninki biyu!" Ya daki murfin gangar da cokali. "Je ki gaya wa akwatin naki ya rubuta da manyan baƙi. Jinina ne! Ni a zamanina da hannu ɗaya nake cafka, ɗayan ina cin gyaɗa."

"Kaka, a zamaninka ba a ƙirƙiro ƙwallo ba, kabewa kuke jifa." Ta ɗago ta dube shi. "Koci ba ya tambayar sau nawa aka jefo maka. Abin da yake tambaya, cikin waɗanda aka jefo nawa ka riƙe, kuma kowace jifa yadi nawa ta ciyar da mu gaba. Bara in an jefa wa Keldrick goma, yana cafe bakwai. Bana huɗu. Cikin masu cafkarmu duka shi ne na ƙarshe."

"Na ƙarshe daga sama?"

"Ranar Litinin koci zai kira shi. Za a ba wani gurbinsa."

Cokalin ya tsaya a hannun Ozell. Ya so ya zauna, sai dai tsoho ne mai taurin kai, ba zai zauna a gaban yarinyar da ya goya ba.

"Wa ya yi lissafin?"

"Ni."

"Ke. Ƙanenki. Wanda kika yi wa wanka a bahon can." Ya nuna ta da cokalin. "Tun kina ƙarama na san ba ki da zuciya, agogo aka sa miki a wurin. Koma ki goge."

"In goge me? Bidiyon kowane wasa yana nan, mutum dubu sun gani da idonsu. Kai ma kana wurin, da hularka mai kama da mushen kaza."

"Hular nan ta girme ki, ki gaishe ta."

"Na gaishe ta. Kaka, naman nan wa za ka kai wa?"

"Ina ruwanki? Ba ke ba dai."

"Boone Haskew za ka kai wa."

Boone shi ne mai jifa, shi ke zaɓar wanda zai jefa wa ƙwallo a kowane tashi. Dogon yaro ne siriri daga can yammacin jiha, ba shi da kowa a garin, kullum kamar bai ƙoshi ba. Tun farkon kakar wasa, kowace Juma'a da yamma Ozell kan naɗe wurin da ya fi taushi a naman cikin takarda ya kai masa har ƙofar ɗaki. Ba ya cewa komai sai magana ɗaya: ɗana, ka dinga tunawa da jikana. Shi a wurinsa ina laifi? Da naman nan aka gyara masa rufin gida, da shi marigayiya matarsa ta samu gado kusa da taga a asibiti. Duk abin da ya taɓa samu a garin nan ta hanyar gangar nan ya same shi, kuma a ɓoye yana alfahari cewa shi ya ninka wa jikansa ƙwallo.

"Yaro ne maraya, na ciyar da shi," ya ce. "Ko shi ma kwamfuta ta hana?"

"Na zauna na kalli kowace jifa ɗaya bayan ɗaya. Mutum biyu na abokan karawa sun manne wa Keldrick, ko numfashi ba ya yi. Can gefe ga wani namu shi kaɗai, yana ɗaga hannu kamar mai tsayar da bas. Sai Boone ya dubi wancan, ya dubi Keldrick, ya jefa wa Keldrick. Ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Irin wannan ƙwallon ko mala'ika ba zai cafe ba, amma a lissafi Keldrick ne ya zubar."

"To mai jifan ne makaho! Shi za a kora."

"Jiya na tsare shi na tambaye shi. Ƙaton yaro, Kaka, ya sa min kuka. Ya ce nauyinka yake ji. Ya ce duk sanda ya ɗaga hannu zai jefa, sai ya tuna Juma'a za ta zagayo ka tsaya a ƙofarsa da ƙunshi."

Kitse ya ɗiga a garwashi, wuta ta tashi, Ozell bai ko waiwaya ba. Kunya ce ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba tun da ya zama mutum, ga kuma tsoro a ƙarƙashinta. Ya nemi abin da zai jefe ta da shi, ya laluba, da ƙyar ya samo.

"Shi ke nan. Sai in yanka sa guda in kai wa kocin."

"Ka kai. Ka ga sai a kore ni ni ma, mu dawo nan mu uku mu zauna muna shaƙar hayaƙi."

"To ki gaya masa gaskiya mana, mai bakin aku! Yau ne bakin naki zai mutu?"

"In ce masa mai jifansa ya shekara yana jifa don nama? Ranar zai sallami Boone. Kuma ba zai bar Keldrick ba, zai ce da saninsa aka yi. Yaro ɗaya nake asara yanzu, so kake su zama biyu?"

Ya ja kujerarsa ya zauna, ba tare da ya san ya zauna ba.

"To me kika zo yi? Kin zo ki ga yadda tsoho ke mutuwa a tsaye?"

"Da haka ne da na zo da kyamara." Ta ajiye jakar a gefe. "Akwai wata ƙaramar jami'a a Arkansas. Na tura musu bidiyonsa na bara, sun ce suna so, karatu kyauta kamar nan. Sau uku suna kiransa, ya ƙi ɗauka."

"Don me, don ubansa?"

"Ya ce hannunsa ya mutu. Ya ce bara yana cafka bana ba ya yi, to me zai je ya yi a can, ya ƙara jin kunya? Kullum bayan atisaye sai ya tsaya shi kaɗai yana buga ƙwallo a bango yana cafewa har yatsunsa su fashe. Shekaranjiya ya je masana'antar kaji neman aiki. Na gaya masa ba hannunsa ba ne, ya ce ai ke yayata ce, dole ki faɗi haka. Lissafina ya yarda da shi, ni ce bai yarda da ni ba."

Ozell ya rufe ido. Shekara talatin ya yi a masana'antar nan yana fige kaji, ya san warin wurin, ya san yadda yatsu ke ƙagewa da sanyi har mutum ya kasa ɓalle maɓallin rigarsa.

"Sai dai ya ji daga bakin wanda ya yi," in ji Renita a hankali.

"Zai tsane ni."

"Zai yi. Ni shekara nawa ina yi, ga ka nan ko rama ba ka yi ba."

Sai dariya ta ƙwace masa, gajeriya, mai ɗaci, har da ruwa a ido. Ya tashi ya buɗe gangar, ya ɗauki wuƙa ya yanko gefen nan da ya yi baƙi ya yi ƙayau, wanda ko fasto bai taɓa ba wa ba. Ya miƙa mata a kan wuƙar.

"Karɓi, muguwa. Kin kayar da ni."

Ta karɓa, ta riƙe, ba ta kai baki ba.

"Kira min shi," ya ce, yana goge wuƙar a jikin wandonsa. "Ce masa ya zo yanzu. Amma ki bar shi ya ci ya ƙoshi tukuna kafin in buɗe baki, don in na gama magana ba zai sake cin naman hannuna ba."