Rasuwar Gwaggo, Wadda Aka Sa wa Zuciyar Wani

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani tsoro da ya ƙi sauka daga ƙirjinsa, kafintan ƙarshen layi yake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar motarsa, wadda kowa ya sani da Gwaggo. Kada a tambaye shi ranar da ta cika, don shi ma abin da yake tambayar kansa ke nan. Ranar da aka ciro mata injinta na asali ce, ko kuwa Asabar mai zuwa da za a yanka ta? Ya juya maganar yana fiƙe katako, ya juya ta yana cin abinci, bai samo bakin zaren ba.

Marigayiyar gadon mahaifinsa ce, kuma ta girmi ɗansa na fari. Mai haƙuri ce, mai kunya, ba ta taɓa wuce kowa a hanya ba sai wanda ya tsaya. Da safe takan yi tari, "kir, kir, kir, tuf," sannan ta yi shiru kamar mai neman a lallashe ta, sai maƙwabta sun sa hannu sun tura. Ta ɗauki katako, ta ɗauki ƙofofi, ta kai mai ɗakinsa asibiti a kowace haihuwa, a hankali dai, amma ta kai. Aibinta ɗaya, ba ta son hawa. A gangaren gada ne wata rana ta dawo da baya da lodin katako, ƙanin matarsa yana kujerar gaba yana dariya har da hawaye, yana cewa yaya ya sauka ya goya ta mana, ai tsohuwa ta gaji.

Daga wannan dariyar ciwon ajali ya fara. Makanike ya samo inji mai filogi shida daga wata babbar mota da ta yi hatsari, ya ce da shi Gwaggo za ta koma budurwa. Injin bai shiga ba sai da aka rage ƙarfen ƙasa, wato ƙashin bayan da ke riƙe da jikinta. Kafinta yana tsaye yana kallo. Shi da ya fi kowa sanin ba a buga babbar ƙusa a tsohon katako, ya bari aka yi, don kunnensa na jiran sabuwar murya. Da aka murɗa makulli kuwa, sai ta ce "vuuum," sau ɗaya tak, har gilasanta suna rawa. Sai daga baya ya tambayi makaniken yadda direban waccan motar ya ƙare. Makanike ya sunkuyar da kai, ya ci gaba da goge hannu da tsumma.

Tun daga ranar, bai ƙara shiga cikinta da natsuwa ba. Ya taɓa totur da ɗan yatsan ƙafa ta zabura. Ya taka birki ta yi kamar ba da ita ake ba. Ya kan zauna a shago yana tunani: shin inji yana zuwa da halin gidan da ya baro? In ta kaɗe wani, wa za a tuhuma, Gwaggo da ba ta taɓa taka ko kaza ba, ko baƙon da ke cikinta, ko wanda ya buɗe wa baƙon ƙofa?

A wannan gangaren gadar dai aka ga alamar ƙarshe. Mai ɗakinsa tana baya da jikarsu a cinya. Ya karya sitiyari hagu, motar ta ci gaba da tafiya miƙe na tsawon numfashi guda, sannan ta yarda ta juya. Sun tsaya hancinta na shinshinar katanga. Matar ta buɗe ƙofa, ta saɓa yarinyar, ta taka har gida da takalmi ƙafa ɗaya. Da ya iso ta ce masa, Baban yara, a kira mai walda ya yanka abar nan tun ba ta yanka mu ba. Ya ce muddin yana numfashi wuta ba za ta taɓa motar mahaifinsa ba.

Washegari ya kwanta a ƙarƙashinta ya ga tsaga a ƙashin bayan, daidai inda aka rage. Ya zaro fensirin da ke kunnensa ya yi alama a bakinta, yadda yake yi wa katako. Kowace safiya in ya leƙa, tsagar ta wuce alamar. Bai gaya wa kowa ba. Ya ɓoye makulli a gwangwanin ƙusa, ya ce da kansa in ba a tashe ta ba ai ba ta da laifi.

Ya manta yana da ɗa mai sabon lasin da ya san gwangwanin, wanda ya taso yana tura Gwaggo abokansa na yi masa tsiya, yanzu kuma ya ga ta zama abin nunawa. Ran nan da la'asar, kafinta yana tsakiyar yankan katako, ya ji "vuuum" daga ƙofar gida, ya ji ƙarar tana nisa tana nufar gada. Zarto ya faɗi daga hannunsa. Ya fito bakin titi ya tsaya, duk ƙarar da ya ji daga nesa sai ya ɗaga kai ya dubi wajen gada. Ɗan ya dawo lafiya yana washe baki, abokai huɗu a ciki, yana cewa Baba ai Gwaggo yanzu tashi kawai ba ta yi. Uban bai tsaya yi masa faɗa ba, ya durƙusa a gefen motar. Da ya leƙa ƙasa ya gwada, fensirin gaba ɗaya ya shige cikin tsagar.

Don haka a sani, har yanzu tana tashi da murɗawa ɗaya, amma ta rasu. Masu zuwa taya ta don su saya, da masu cewa a ɗan ɗora walda a sayar wa wani, su yi haƙuri. Ɗan wani ma ɗa ne.

Ta rasu ta bar tsohon injinta a lulluɓe da tamfol a bayan gida, da tayar ko-ta-kwana da ba ta taɓa riƙe iska ba, da dutsen da ake tokare ta da shi, da takalmin mace ƙafa ɗaya a ƙarƙashin kujera, da maƙwabta da yawa masu ciwon baya.

Za a yi jana'izarta ranar Asabar da hantsi a filin mai walda. Ba za a tashe ta ba, turawa za a yi, kamar yadda ta saba, kuma ana roƙon ƙanin matarsa ya zo da wuri ya kama gefe. Tsohon injin zai bi ta a amalanke, a haɗa su a mota ɗaya ta 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe. Kafinta da kansa zai nuna wa mai walda inda zai fara sa wuta, ya riga ya yi alamar da fensir, kuma ba zai bar wurin ba sai ya ga ƙashin bayan ya rabu biyu.