Ranar da Na Tafa wa Kaina a Shinkafi

Ba zan taɓa mantawa da ɗaurin auren ƙanena Lawali ba, kuma bari in faɗa tun yanzu: ni ne mai laifi. Ba shaiɗan ba ne, ba zafin rana ba ne. Ni ne, da bakina da hannuwana biyu.

Ni makaniken injin jirgin ƙasa ne a Ƙauran Namoda. Boko kuwa, firamare na gama da ƙyar. Amma ina saurayi ƙungiyarmu ta ma'aikata ta tura ni kwas na 'yan watanni a wata ƙasa mai sanyi, mai jam'iyya ɗaya, shugaba ɗaya, da miya kala ɗaya. Gyaran inji aka tura ni koyo, na dawo da taken jam'iyya cike da kai. "Jam'iyya ta gani, jam'iyya ta sani." "Gumin yau, tuwon gobe." A can ko bangon makewayi sai an rubuta masa take. Sannan akwai tafi. Idan mai jawabi ya gama, shi ma yana tafawa tare da jama'a, kuma ba wanda ke fara tsayawa, don wanda ya fara sauke hannu shi za a tambaya me yake nufi.

Daga baya ƙasar ta watsar da aƙidar, ta sauke gumakanta. Ni ban sauke nawa ba. Aka yi mana sabuwar jihar Zamfara, aka ƙaddamar da Shari'a, kowa na neman littafin fiƙihu, ni ina yawo da hula hana-salla ina kiran mai shayi Kwamared. (Yana amsawa, saboda ina shan madara biyu.)

To, Lawali ya ga Hindatu, 'yar Malam Almu na Shinkafi, malamin zaure wanda gidansu ya daɗe da karatu. Da ƙyar suka yarda da mu 'yan baƙin mai. Kawu Ɗahiru na Zurmi, ƙanen mahaifinmu marigayi, shi ne wakilin ango. Ranar ɗaurin aure sai ga saƙo ciwon ƙafarsa ya tashi, ba zai iya hawa mota ba. Wakilci ya faɗo kaina.

Innarmu ta raka ni har bakin ƙofa. Ta ce aikina bai wuce in ce muna neman auren wance ga wane ba, in an ba mu in ce mun karɓa, in rufe bakina. Ta ƙara da cewa, "Kuma ka fidda wagga hula, Sanusi." Na ce to. Na sa ta a aljihu, muna wuce tasha na mayar da ita kai.

A ƙofar gidan Malam an shimfiɗa tabarmi, malamai da dattawa a inuwar itacen bedi, sauran jama'a har bakin hanya. Ga ƙwaryar goro, ga dabino. Liman ya yi salati, ya tambaya ina wakilin ango. Ka san a zaune ake wannan magana, murya ƙasa-ƙasa. Ni kuwa na ga taro, shekara da shekaru ban samu irinsa ba. Na miƙe tsaye.

"Kwamared Liman," na ce, "kwamared jama'a."

Lawali, da ke can baya cikin abokansa, ya sunkuyar da kai. Na ɗauka ladabi ne.

Na bayyana musu cewa wannan aure ba na mutum biyu ba ne, ƙawance ne tsakanin ajin ma'aikata, wato mu, da ajin malamai, waɗanda tarihi bai gama yanke hukunci a kansu ba. Na ce mace ba kadara ba ce da za a miƙa daga hannu zuwa hannu. Na nuna cewa wasu suna inuwa wasu suna rana, kuma wannan ba haɗari ba ne, tsari ne. (Bedin guda ɗaya ne a ƙofar gidan. Wannan shi ne tsarin.) Na yi maganar masana'antu a gaban mutanen da suka baro gonar gero. Na ɗaga hannu na rufe da cewa, "Gumin yau, tuwon gobe!"

Sai na fara tafi.

Ni kaɗai. A ɗaurin aure, a gaban liman, a shekarun da ko kalangu an sa masa ido, kuma a wurin da kowa ya san tafi na mata ne. Da na tsaya nan take, wataƙila a ce sauro na kashe. Amma horo horo ne: ba a fara tsayawa. Na ci gaba ina juyawa dama da hagu ina murmushi, ina jiran talakawa su farka. Talakawa suka zuba mini ido. Tafin ya riƙa raguwa da kansa har ya koma kamar mai kakkaɓe gari.

Liman ya dubi na kusa da shi. "To, mi yac ce? Ya nema ko bai nema ba?"

Malam Almu ya tattara rigarsa a hankali. Bai ɗaga murya ba. "Ni ban ji an nemi ɗiyata ba," in ji shi. "Na dai ji an ce ba a miƙa ta." Ya shige zaure. Aka rufe ƙwaryar goro da faifai.

Daga Shinkafi har Ƙaura Lawali ƙeya ya juya mini. A gida Inna ba ta zage ni ba, abin da ya fi zagi ciwo. Ta dai tambaye ni ko jam'iyyar da ta gani ta sani tana da 'yar da za ta ba ƙanena. Lawali ya daina cin abinci a gidan. Muka kuma ji wani ɗalibin Malam daga Katuru ya fara tura manyansa neman auren Hindatu.

A ƙasar sanyi an koya mana sukar kai: ka tsaya gaban kwamiti ka faɗi laifinka. Yana da sauƙi, sai ka ce ka makara aiki, a tafa maka. Wanda Kawu Ɗahiru ya shirya mini daban ne. Ya taso daga Zurmi da sandarsa da kumburarriyar ƙafarsa, ya karɓe hulata ya ba wani mai gadi, ya tasa ni gaba zuwa Shinkafi ranar kasuwa.

Abin da na koya shi ne, in an aike ka da magana ɗaya, kada ka kai ta wata ƙasa. Yau 'ya'yan Lawali da Hindatu in na shiga gidansu tafa mini suke yi, kuma na san wanda ya koya musu.

Amma ranar da muka koma Shinkafi ba dariya. Na tuɓe takalmi tun daga bakin hanya, na durƙusa a ƙofar zaure, ɗalibai na kallo. Malam bai ɗago daga littafinsa ba. Na sa hannuwana biyu a ƙasa, inda ba za su haɗu ba.

"Allah gafarta Malam, na yi rashin kunya a ƙofar gidanka, na kunyata ƙanena da bai yi komai ba. Laifina ne, ka yafe mini don Allah. Kuma abin da aka aiko ni in faɗa ban faɗa ba, ga shi: muna neman auren Hindatu ga Lawali."