Ƙarar da na yi a bikin Zulai

Na yi iya ƙoƙarina in manta da yinin bikin ƙanwata Zulai, amma mutanen Matameye sun ƙi bari.

Lokacin ina karatu a Dakar. Bincikena a kan wasu ƙananan halittun teku ne da ido bai cika gani ba, waɗanda kifaye ke ci su rayu. Na iso gida a gajiye liƙis, ƙafafu sun kumbura da zaman mota, ba abin da nake so sai tabarma. Sai gwaggona Hajiya Mariya ta jawo ni tsakiyar mata, ta karɓe mikro daga hannun mai sa kiɗa.

"Ga ɗiyarmu mai karatun teku. Faɗa wa dangin ango abin da kike yi, su san gidan da suka nemi aure."

(A nan ya kamata in ce kaina ke ciwo.)

Na daure na yi bayani. Na ce masu neman man fetur a ƙarƙashin teku suna jan wata bindigar iska a bayan jirgi, tana ta bugawa cikin ruwa. Ƙarar tana gigita halittun nan, wasu ma su mutu. In sun ragu, kifi ya rasa abinci.

Kakar ango ta leƙo daga kan kujerarta. "Ƙara kawai, 'yar nan? Ba harsashi? Wace irin ƙara ce haka?"

Da na ce babba ce, da an wuce wurin. Amma gajiya ta cinye mini hankali. Na cika ƙirji, na manna baki da mikro, na ce, "BUUUM!"

Ashe mai kiɗa ya ƙure muryar lasifika. Jarirai suka ɓarke da kuka gaba ɗaya. Kakar ango ta saki kwanon fura a kan lesin amarya. Maza suka faɗo daga waje, Baba a gaba ba takalmi, yana tambayar tukunyar gas ɗin wa ta fashe. Gwaggo kuwa ta sulale ta bar ni riƙe da mikro.

Kakar ango ta dafe ƙirji, ta daɗe tana salati, sannan ta ce, "To, na yarda. Allah ya ji ƙan ƙwarin nan naki."

Zulai ta yafe mini, amma sai da ta haihu.

Yanzu in an tambaye ni me na karanta, sai in ce kifi kawai. Ba wanda ya taɓa cewa in kwaikwayi kukan kifi.