Tsoho Mai Barci a Canal Street

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da yake Allah ya sani na yi iyakar ƙoƙarina in manta, da wata la'asar ta ranar Lahadi da aka taru a falona na unguwar Concourse Village a birnin New York domin in yanke hukunci a kan wata waƙa. Waƙar kuwa ba irin wadda kunnena ya saba da ita ba ce. Irin ta mutanen ƙasar nan ce da suke kira rok, wadda ake dukan jita kamar ta yi laifi, mawaƙin kuma yana kururuwa kamar wanda ƙofar jirgin ƙasa ta datse wa yatsa.

Ya kamata in fara sanar da mai karatu ko ni wane ne, don ya san daga wane tsayi na faɗo. Ni mutumin Damagaram ne, kuma na tashi a gidan da ake sauraron makaɗan fada da kunnen basira. Tun ina saurayi aka san ni da warware waƙa: in nuna maka inda yabo ya ƙare, inda zambo ya soma, da wanda aka nufa da shi ko da ba a kama sunansa ba. Sa'ad da na zo New York na kafa tebur a Canal Street ina sayar da lema da tabarau da safar hannu, ban baro wannan baiwa a gida ba. Duk wani suna ko walima ta mutanenmu, daga Bronx har Staten Island, in an ci an sha sai ka ji an ce, "Alhaji, a warware mana baitin nan." Ni kuwa in gyara babbar riga, in yi gyaran murya. Aƙidata a wannan fage guda ɗaya ce, na kuma sha faɗinta a bainar jama'a: babu waƙar da ba ta da wanda take zagi, sai dai in mai sauraro ne bai kai ba.

To, akwai Hadiza, 'yar ƙanena marigayi, wadda ta girma a hannuna, ni ne kuma waliyyinta. Ta gama karatun jinya, ta kawo mini wani saurayi mai suna Mubarak. Iyayensa mutanen zangon Kumasi ne, yana zaune a unguwar Stapleton, sana'arsa kula da tsofaffi a gidajensu. Na sa aka yi bincike kamar yadda aka saba, ba a samo masa wani aibu ba. Ina gab da in ce na ba shi, sai Malam Isufu ya zo mini da labari cewa yaron yana da ƙungiyar kiɗa, har sun yi waƙa mai bidiyo da ake kallo a waya.

Shi Malam Isufu mutumin Maraɗi ne, teburinsa na agoguna yana manne da nawa shekara da shekaru kafin ni in koma kanti. Abokina ne, irin abokin da ba ka so ya riga ka jin labarinka. Na taɓa kama shi yana gyangyaɗi a bakin teburinsa, tun daga ranar na naɗa shi Sarkin Gyangyaɗin Manhattan, kuma ban taɓa barin wani taro ya watse ban tuna wa mutane ba. Nakan ƙara da cewa ni dai, alhamdu lillahi, ban taɓa runtsawa a bakin sana'a ba. (Mai karatu ya riƙe wannan magana, za a neme ta nan gaba.)

Na aika wa Mubarak cewa maganar aure ta tsaya sai na ga waƙar nan da idona, na san abin da ke cikin zuciyar mai ita. Hadiza ta kwana biyu ba ta cin abincin kirki. Hajiya, uwargidana, ta ce in bar yara su huta, na ce mata al'amarin waƙa ba fagenta ba ne.

Ranar Lahadin Mubarak ya zo da kawunsa, wani dattijo mai kawaici. Malam Isufu ma ya zo, ba da gayyata ba. Na sa farar shadda, na zauna a babbar kujera, yaron ya zauna a kan darduma ya sunkuyar da kai. Tabarana kuwa, wanda likita ya ce kada in rabu da shi, na bar shi a aljihu, domin na lura yana ƙara mini shekaru a gaban baƙi.

Hadiza ta ajiye shayi, ta durƙusa kusa da ni ta ce a hankali, "Baffa, kafin a kunna, akwai abin da ya kamata ka sani."

Na ɗaga mata hannu. "Yarinya, ba a gaya wa mai fassara ma'ana kafin ya ji waƙa. Koma wurin uwarki."

Aka kunna a babbar talabijin. Hoton baƙi da fari ne, babu launi ko ɗaya. Ga Mubarak a saman wani bene yana dukan jita yana ihu, iska tana kaɗa rigarsa. Sai aka sauko titi: ƙanƙara tana zuba, mutane suna wucewa da sauri, ga wani tebur da lemomi a naɗe. A bayan teburin wani tsoho ne a dunƙule cikin ƙaton kwat, da wata hula mai kunnuwa biyu da suka sauko masa har kumatu. Ya yi barci, kansa ya karkace, bakinsa a buɗe. A hannunsa akwai guntun burodi, wata tattabara ta sauka a gwiwarsa tana ci, ta gama ta hau kan hular ta zauna. Duk sa'ad da aka zo amshi sai a komo kan tsohon nan.

Na tambayi abin da amshin yake cewa, domin Turancin da ake yi da ihu ba ya shiga kunnena. Hadiza ta amsa daga ƙofar kicin da wata irin murya, "Cewa yake, ka huta kaɗan, ni zan tsare maka."

Na yi murmushin wanda ya riga ya kama zaren. Na ce a maido daga farko, na soma.

Na ce rashin launi alama ce ta zuciyar da ta mutu. Na ce hawan bene girman kai ne, yaro ya hau sama yana kallon na ƙasa. Na ce lemomin da ke naɗe alhali ƙanƙara tana zuba, ni'ima ce da aka ba bawa ya kasa amfani da ita. Amshin kuwa, na ce, ai muryar Shaiɗan ce, shi ne mai ce wa ɗan Adam ya huta, ya kwanta, a tsare masa. Kawun Mubarak ya gyaɗa kai, ko don yarda ko don ladabi. Na ji daɗin kaina ƙwarai.

Mubarak ya ɗago ya ce, "Baba, waƙan nan ba zagi ba ne." (Hausarsu ta zango ba ta raba mace da namiji, amma na daure.)

Na ce, "Ɗana, mai waƙa ba ya sanin iyakar abin da ya faɗa. Don haka aka yi irinmu."

Nan ne Malam Isufu ya ajiye kofinsa. Ya ce, da ɗan Faransancinsa na mutanen Maraɗi, "Bon, Alhaji, mun gane bene, mun gane lema. Amma tsohon nan fa? Mu da ba mu yi zurfi ba, shi ne ya shige mana duhu. A ƙara mana bayani."

Da ina da wayo, da na tambayi kaina yaushe Isufu ya fara neman ilimi a wurina. Maimakon haka sai na ce a tsayar da hoton daidai kan tsohon. Aka tsayar. Ga shi ya cika talabijin, baki a wangale, tattabara a ka.

Na ce, "Wannan shi ne zuciyar zambon. Wannan shi ne gafalallen dattijo, wanda ya baro ƙasarsa ya zo ƙasar mutane neman abinci, ya zo ya kwanta tsuntsu yana cinye abincin. Ku dubi bakinsa. Mutumin da ya san darajar kansa ba ya buɗe baki haka ko a cikin ɗakinsa. Yaron nan ya ɗauki irin wannan rago ya nuna wa duniya, don a ce haka iyayenmu suke."

Isufu ya ce, "Allahu akbar. Rago, ko?"

"Rago na ƙarshe. Kuma ina gaya muku, ba shi da iyali na kirki. Ku dubi hular. Duk mutumin da yake da mace ta gari a gida, ba za ta bar shi ya fita da wannan abin a kansa ba, sai ka ce jakin da aka yi wa kwalliya."

Falon ya yi tsit. Na ɗauka kwarjinin fassara ne. Sai na ji motsi daga kicin, Hajiya ta fito tana goge hannu da tawul. Mace ce da ba ta taɓa sa baki a zancen maza a gaban baƙi ba, tun da aka kawo ta gidana.

Ta ce, "Alhaji, hular me ta yi?"

Na ce, "Hajiya, muna cikin magana."

"Na ji maganar. Ni na sayo hular nan a kantunan Fordham, shekarar da kunnenka ya yi ciwo. Filas ɗin shayin da ke ƙarƙashin kujerar tsohon nan kuma ga shi can a kan firji. Sa tabaranka."

Na sa hannu a aljihu. Ban taɓa jin tabarau ya yi nauyi irin na ranar ba. Da na ɗora shi a hanci, sai hoton ya washe kamar an share taga. Ga zobena na azurfa a yatsa. Ga kwat ɗina mai ɓallallen maɓalli. Ga tabon da ke gefen girata tun ina yaro. Ni ne. A kare kaina zan ce abu ɗaya kawai: ban taɓa ganin kaina ina barci ba, kuma babu wanda ya taɓa gaya mini haka nake yi da baki.

Ba wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi. Kawun Mubarak ya dage yana nazarin zanen darduma. Isufu ya ɗauki kofinsa ya kurɓa a natse, sa'an nan ya ce, "Ni na ba yaran izinin ɗauka ranar. Sun so su tashe ka su tambaye ka, na ce a'a, ku bar shi, dattijo ne da bai taɓa runtsawa a bakin sana'a ba, yau ce ta farko. Ni na tsare maka teburin har ka farka. Lema biyu ma na sayar maka."

Wato shekaru yana riƙe da wannan, ina kiransa Sarkin Gyangyaɗi yana amsawa.

Mubarak ya yi bayani kansa a ƙasa. Ya ce mahaifinsa tasi ya tuƙa har ya rasu, kuma bai taɓa ganinsa a zaune yana hutawa ba. Ya ce da ya ga wani tsoho barci ya sace shi cikin ƙanƙara, sai ya ji kamar ya tsaya ya yi masa gadi, daga nan waƙar ta fito. A lokacin bai san ni ba, bai san Hadiza ba. Ita ce ta ci karo da bidiyon a waya, ta gane ni, ta aika masa da saƙo mai zafi cewa ya cire hoton baffanta ko ta kai shi ƙara. Ya roƙi su haɗu ya ba ta haƙuri. Haƙurin ne ya yi tsawo har ya kawo shi kan dardumata.

Ashe ni na haɗa su, ina barci.

Sai na ga hanya biyu ce a gabana, kowacce da ƙaya. In na tsaya a kan cewa waƙar zambo ce, to ni aka yi wa, kuma ni da bakina na tabbatar da kowace kalma, har na ƙara da jaki. In na yarda yabo ce, to aƙidar da na gina sunana a kanta ta rushe, kuma ba ni da sauran dalilin hana yaron aure. Na dubi Hadiza, ta haɗa hannu biyu a ƙirji tana jira. Na dubi Hajiya, ba ta koma kicin ba.

Na yi gyaran murya na ce, "Bayan zurfafa nazari, ya bayyana gare ni cewa waƙar tana da fuska ta biyu, wadda ta fi ta farko ƙarfi. Ɗana, ka turo manyanka."

Isufu ya ce, "Alhaji, fuska ta biyun nan, a ƙara mana bayani."

Na ce masa shayinsa yana hucewa.

An yi biki a Stapleton da bazara. Na roƙa kada a sa waƙar, aka yi mini alkawari, aka kuma sa ta a kan wani allo da ya kai faɗin bango. Yaran da ko gaisuwa da Hausa ba su iya ba suka yi ta zuwa suna ɗaukar hoto da ni. Har yau in na shiga masallaci akwai masu duban saman hulata kafin su dubi fuskata. Hajiya kuwa ta fito da tsohuwar hular ta rataye ta a ƙofar falo, ni kuwa ban tambaye ta dalili ba.

Ban daina warware waƙa ba, domin mutum ba ya barin baiwarsa saboda tattabara guda. Sai dai yanzu ina sa tabarau tun kafin a kunna. In kuwa na ji Malam Isufu ya ce a ƙara masa bayani, nakan fara duban fuskar Hajiya, sa'an nan in ce ma'anar a fili take, ba ta bukatar sharhi.