Yadda Za Ka Kai Majinyacinka Ingila a Cikin Ambulan

Ɗan'uwa sabon likitan ƙwaƙwalwa, na ji an ce kwamitin ƙarin girma ya dawo maka da fayil, wai sai ka buga maƙala a mujallar da masana ke tantancewa. Share hawayenka, ka zo gidan magani. Ni ne Dakta Ja'afaru na unguwar Kusfa, cikin birnin Zariya. Shekara bakwai na yi ina koyarwa a matakin da aka ɗauke ni, don haka babu ramin da ban sani ba a hanyar nan. A 1991 aka ce mini maƙala ɗaya tal ta rage mini, kuma kwamiti zai zauna a watan Oktoba. Ka bi matakan nan yadda na bi su. Ina ba ka tabbaci, kafin shekara ta zagayo sunanka zai isa Ingila.

Mataki na 1: Nemo mutum ɗaya mai labari

Kada ka wahalar da kanka da binciken mutum ɗari biyar. Wannan aikin masu motar ofis ne. Kai rahoton majinyaci ɗaya za ka rubuta, shafi shida, ka huta.

Nawa maɗinki ne, mu kira shi Malam Jalo, gwanin ɗinkin babbar riga wanda har daga Kano ake kawo masa aiki. Wata takwas ya ajiye allura, ya shige ɗaki yana kallon bango, abinci ma sai an roƙe shi. Matarsa Mairo ce ta kawo shi asibiti da sassafe, ta ƙofar baya. Ciwon damuwa ne mai tsanani. Bai taɓa ce mini ransa a ɓace yake ba, abin da yake ta faɗa shi ne hannunsa ya manta hanya. Na ɗora shi a kan magani, cikin mako shida ya aika a sayo masa zare.

Idan ka samu irin wannan, ka gode wa Allah sau biyu: ɗaya don ya warke, ɗaya don kai.

Mataki na 2: Ɓoye sunansa

Ƙa'idar aikinmu ce, ba a faɗin sunan majinyaci. Ka rubuta “Malam J.” kawai. Shi ke nan, ka rufa masa asiri.

Daga nan ka saki jiki. Ka faɗi shekarunsa, hamsin da huɗu. Ka faɗi sana'arsa. Ka ce yana ɗingishi a ƙafar hagu, gidansa yana kallon tsohuwar rijiya, kuma mahaifinsa ladani ne. Ilimi yana son bayani dalla-dalla, kuma tunda ka cire haruffa uku daga sunan, ko mahaifiyarsa ba za ta gane shi ba.

Mataki na 3: Kai wa mai tafireta

Mujalla tana son kofi uku, da tazara tsakanin layuka, da fili a gefe inda masana za su zage ka da jan biro. Kada ka kai wa akawun ofis, zai haɗa maka da takardun hutu. Ka tafi wajen Hajiya Sakinatu kusa da Ƙofar Kuyambana, tsohuwar sakatariya wadda ta yi ritaya da tafiretarta da kuma bakinta.

Ka zauna ka jira. Za ta buga shafin farko kamar ruwan sama a kan kwano. A shafi na biyu za ta tsaya, ta dube ka ta saman tabarau.

“Hajiya, sirrin asibiti ne,” na ce mata tun kafin ta yi magana.

“Ni na ce wani abu? Ban san bawan Allah nan ba, ban taɓa ganinsa ba.” Ta ci gaba da bugu. Da ta miƙo mini kofi ukun sai ta ce, “Na gyara maka wuri guda. Ƙafar dama ce.”

Ka yi mata godiya. Sakatariya mai kula da aiki irin wannan ta yi wuya yanzu.

Mataki na 4: Karanta wa babban gida

Idan kai ɗan gidan malamai ne kamar ni, ka san rubutu ba ya fita daga gida sai babba ya ji ya sa albarka. Haka aka yi wa kakana da wasiƙunsa, haka aka yi mini da takardar neman aiki. Kada ka ce wannan Turanci ne. Za a ce ka fassara.

Na samu Baffa Ƙasimu, yayan mahaifina, a zaure bayan la'asar, shi da dattawan unguwa biyar. Na tsuguna, na fara fassarawa da murya irin ta mai karanta labarai a rediyo. Da na zo kan ɗinki, wani ya daina jan carbi. Da na zo kan rijiya, kowa ya sami abin kallo a tabarma.

Baffa ya nisa. “Allah sarki. Daga ji wannan mutumin nesa ne. Can wajen Gusau.”

“Ƙwarai kuwa,” in ji na kusa da shi. “Gusau akwai maɗinka.”

“Da rijiyoyi,” in ji wani.

Ni kuwa mai digiri biyu na ɗaga kai na ce, “A'a Baffa, ai nan cikin…”

“Ja'afaru.” Bai ɗaga murya ba. “Na ce Gusau. Mu a unguwar nan ba mu da mai irin wannan ciwo. Maɗinki ɗaya ne ya yi fama da ciwon ido bara, kuma ya warke, alhamdu lillahi.”

Aka ɗaga hannu aka yi wa mutumin Gusau addu'a mai tsawo. Baffa ya sa wa takarda albarka, ya kuma yi mini alkawarin ranar da Turawa suka buga ta zai tara unguwa a karanta, don a san gidanmu bai daina rubutu ba. Na fita ina jin daɗi.

Abin lura a nan: tsofaffi ba su saba da kimiyya ba. Ka yi musu uzuri idan sun rikita garuruwa.

Mataki na 5: Gidan waya

Ka rubuta wa edita wasiƙa, ka ce kai ƙaramin bawansa ne. Ka sa komai a babban ambulan, ka lashi kan sarki har harshenka ya bushe, ka yi rajista. Bayan nan ka riƙa leƙa akwatin gidan waya kullum. Ba ya sa amsa ta yi sauri, amma tafiyar tana da amfani ga jini.

Mataki na 6: Haɗiye maganar masu tantancewa

Bayan wata huɗu amsa za ta zo. Edita ya ba masana biyu su duba, ba ka san su ba, su ma wai ba su san ka ba. Na farko mutumin kirki ne, za ka so ka aika masa da goro. Layi uku ya rubuta, biyu yabo ne.

Na biyu kuwa, Allah ya shirye shi. Shafi uku ya cika. Ya tambayi dalilin da ban ɗauki hoton ƙwaƙwalwar majinyaci ba da wata na'ura wadda ni kaina a hoto na taɓa ganinta. Ya ce in ambaci maƙalu tara, takwas duk na mutum ɗaya ne, ka gane ko wane ne. Ka amsa masa da cewa ka amfana ƙwarai da zurfin iliminsa. Abin da ke ranka kuma ka faɗa wa babur ɗinka a hanya.

A ƙasan shafi na uku ya ƙara layi guda. Ya ce bayanin ya isa a gane mutumin, don haka a turo takardar amincewa da sa hannunsa. Edita ya rubuta da biro a gefe: idan ta zo, za mu buga.

Za mu buga! Na karanta wa matata sau huɗu. Mako uku ya rage kwamiti ya zauna, kuma wasiƙar karɓa kaɗai suke bukata. Sa hannu ɗaya ne tsakanina da kujerar babban lakcara.

Mataki na 7: Karɓo sa hannu

Wannan shi ne mafi sauƙi. Ka sa riga mai kyau, ka ɗauki biro biyu ko ɗaya zai ƙi.

Na samu Malam Jalo da hantsi a ƙofar gidansa, ya shimfiɗa farar shadda a gwiwa yana ɗinki. Muka gaisa, na yi masa bayani a taƙaice, na miƙa biro.

“Karanta mini tukuna, Likita.”

Na rage murya na karanta. Bai daina ɗinki ba har na kai ƙarshe. Sai ya ciji zare ya ce, “Ka iya rubutu. Amma ka yi kuskure wuri ɗaya. Ka ce ban da matata babu wanda ya sani.”

“Haka ta gaya mini, Malam.”

“Haka ta gaya maka don haka ake so a faɗa. Likita, wata takwas ban iya riƙe allura ba. Ka san riga nawa aka kawo mini ɗinki a cikin watannin nan? Goma sha ɗaya. Baffanka ya kawo biyu, shi da riga ɗaya ke isarsa shekara. Za su tsaya a soro su ce wa Mairo, a ba Malam, ba gaggawa, idan ido ya washe. Sallah biyu ta wuce, babu wanda ya aiko tambaya. Ina ɗaki ina jin su. Ranar da maganinka ya fara aiki, na buɗe ido na ga aiki jibge yana jirana, sai na san ba a cire ni daga cikin mutane ba.”

Na ce masa mujallar a Ingila take, babu mai karanta ta a Kusfa.

“Ba za a tara unguwa a karanta ba?” Ya yi murmushi. “Labarin ya iso ni tun ranar. Duba nan, Likita. Ba kunyar ciwon nake ji ba, Allah ne ya kawo, kai kuma ka yi mini rana. Amma mutanen nan sun sha wahala suna yi kamar ba su sani ba. Idan na sa hannu aka karanta a zaure, na ce musu ke nan wahalarsu ta banza ce. Sun rufa mini asiri, ba ni zan tona nasu ba.”

Ya mayar mini da biro da hannu biyu, yadda ake mayar wa babba abu. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ban taɓa son unguwarmu kamar ranar ba. Shafi shida na rubuta a kan yadda mutum ya warke, rabin maganin ma ban san an ba shi ba.

Mataki na 8: Rubuta wa edita

Layi biyu sun isa. Ka ce ka janye maƙala, ka gode. Ka je wajen Baffa ka ce Turawa sun ƙi. Zai ce, “Ba su san abu mai kyau ba,” kuma za ka ga ya fi kowane lokaci fara'a.

Kwamiti zai zauna a Oktoba kamar yadda aka tsara. Za su dawo maka da fayil ɗinka a tsabtace, babu ko lanƙwasa.

Gargaɗi

Marubucin wannan jagora ba shi da alhakin komai. Idan ka bi matakan nan ka ƙara shekara uku a matakin aiki ɗaya, kai ka jiyo. Na yi alkawarin sunanka zai isa Ingila, ban ce zai kwana can ba. Duk mai ƙorafi ya rubuto kofi uku, da tazara tsakanin layuka.

Na canza sunaye, na canza abin da ya kamata a canza. Idan kuma kai ɗan Kusfa ne, kana ganin kamar ka gane wani a cikin rubutun nan, ka ninke takardar ka sa a aljihu. Gobe idan ka wuce ta ƙofar gidansa, ka gaishe shi da aiki, ka wuce.