Yadda Za Ka Noma Maymunjon Marar Ƙaya Har Ya Fi Ƙarfin Matarka

Wannan hanya ba ta taɓa ba da kunya ba. An gwada ta sau ɗaya, a gidan Hurshid, tsohon direban motar auduga a unguwarmu ta Margilan, kuma itacensa na nan har yau. Ka bi matakan yadda ya bi su, naka ma zai tsaya.

Mataki na 1: Sayi marar ƙaya, ka yi shela

Maymunjon itace ne mai yaɗo, 'ya'yansa baƙaƙe, da zaƙi da ɗan tsami. Na daji ƙaya ce ke gadinsa. Kai ka sayi wanda aka sallami mai gadinsa. Ka dasa shi jikin katanga inda rana ke bugawa, taku uku tsakanin tushe da tushe, ka ja waya ka ɗaure rassan. Sannan ka kira shaidu. Hurshid ya kwaso mutum bakwai daga gidan shayi, ya tsoma hannu cikin ganyen har gwiwar hannu, ya zaro ba ko ƙwarzane. Duka bakwai ɗin suna da mata a gida.

Mataki na 2: Karɓi wa'adi

Reshen bana ba ya haihuwa sai baɗi, don haka shekarar farko ganye za ka noma. Ka tabbata wurin da ka dasa shi na tumatir ɗin matarka ne. Gulchehra, matar Hurshid, ta tsaya ta dubi ganyen.

"Baban yara, wannan a miya ake sa shi ko a shayi?"

"Dafa shi za ki yi da sukari, ki ɗura a kwalba. Duk lokacin sanyi sai mun ture."

"To, na ba ka shekara uku. Ranar da ƙanƙara ta uku ta sauka, in ban ga kwalba goma ba, tumatir ɗina zai koma gidansa."

Ka amsa da murmushi. Namiji ba ya lissafi a gaban matarsa.

Mataki na 3: Girmama kwano

A nan kwanon maƙwabci ba ya komawa wayam, kowa ya sani. Makon da 'ya'yan suka yi baƙi a shekara ta biyu, Mastura-opa, dattijuwar da ke bayan katanga, ta shigo da samsa, wato samosa, guda biyu a cikin kwanon da zai ɗauki kan rago.

"Hurshidjon, ƙanena, ɗanɗano ne kawai. Kada ka wahalar da kanka da kwanon."

Tana faɗa tana kallon katanga. Ya cika mata. Kafin Juma'a kwano tara sun shigo, babu ƙarami a cikinsu.

Mataki na 4: Gwada wayo sau ɗaya

Za ka yi tunanin mayar da kwano da wani abin. Hurshid ya zuba tuffa. Mastura-opa ta karɓa ta yi godiya, ta rage murya.

"Allah ya sa ba ciwo ya kama itacen ba?"

Washegari a gidan shayi mutum huɗu suka yi masa jaje, na biyar ya ce zai zo ya duba da idonsa. Hurshid ya koma cika kwano. Gulchehra ta samu kwalba ɗaya da rabi.

Masana sun ce mai rowa da mai kyauta duk ba sa cin nasu, sai dai ana gaida ɗaya.

Mataki na 5: Dawo da mai gadi

Ka nemi tsohon malamin gona. Namu Tolib-ota ne, ya ja wa Hurshid kunne:

"Ɗana, kada ka kuskura fartanya ta taɓa saiwar. Irin nan naka ƙayarsa a ƙasa take barci. Duk abin da ya tsiro daga saran, da haƙoransa zai fito."

Gargaɗi shawara ce ga mai bukata. Hurshid ya bar shayinsa da zafi, ya je gida ya sassare gindin kaf. Da bazara sababbin rassa suka ɓullo tsakanin tsofaffin, kowanne da ƙaya kamar ƙugiyar kifi. Ya yi kwana uku yana fito.

Mataki na 6: Duba wanda ke tsinka

Ƙaya maganin mai miƙa hannu ce. A unguwarmu ba wanda ya taɓa miƙa hannu, kwano ake aikowa, kuma mai gida ne ke cikawa. Hurshid ya gane wannan a kwano na farko. Mastura-opa ta dubi damatsansa.

"Kyanwa kuka samu, ƙanena?"

"A'a, opa."

"To, bi a hankali. Kwanon ba sauri yake ba."

Mataki na 7: Bar mata fartanya

Ƙanƙara ta uku ta sauka a kan kwalba biyu. Kada ka yi gardama. Da ƙanƙara ta narke ƙasa ta saki, Gulchehra ta sa safar hannu, ta haƙe gindin, ta daddatsa saiwar gunduwa-gunduwa, ta shuka tumatir. Kowace gunduwa ta tsiro. Ta sake datsawa, suka ninka. A wata na uku itacen ya haɗiye tumatir ɗin, ya nufi igiyar shanya. Ta jingine fartanyar a ƙafar mijinta.

"Baban yara, ka ci. Naka ne har jikoki."

Yanzu wurin ninki uku ne na da. Maƙwabta sun lura, sun sayi manyan kwanuka.

Sanarwa: Marubucin ya yi alkawarin itacenka zai tsaya, bai ambaci kwalba ko fatar hannu ba. Duk abin da ya biyo baya tsakaninka ne da matarka da katangarka. Mai ƙorafi ya aiko a rubuce, ban da cikin kwano.