Yadda Za Ka Haɗiye Gidan Gado Kai Kaɗai

Bi matakan nan, ɗana, in gidan ubanku bai zama naka ba, zo ka karya mini sanda. Sagir na Ƙofar Guga ne ya fara gwada su. Katangarmu ɗaya da shi, kuma gajera ce.

1. Ka so gidan ba zato

Soja sun koma bariki, 'yan siyasa na neman gidan bakin titi su shafa masa fenti su kira shi ofis. Sagir na jin haka sai ƙaunar marigayi ubansu ta taso masa. Kai ma ka riƙa shafa bango kana sharar hawaye.

2. Ka kushe shi

Ƙanensa Nasiru ma'aikaci ne a Kaduna. Da ya zo sallah, Sagir ya shimfiɗa masa tabarma daidai ƙarƙashin azarar da gara ta cinye. Kafin la'asar Nasiru ya sayar masa da kasonsa, har da godiya. Mai takalmi sau-ciki ba ya jure ƙasa a ka.

3. Kada ka kori ɗan haya da bakinka

Saura Malam Dabo tela, wanda matarsa ta rasu, yana ɗakin zaure tun marigayi na da rai. Shi ya ɗinka wa Sagir banten kaciya. Da wane ido za ka ce wa irin wannan ya fita? Tura mace. Sagir ya tura yayarsa Lailatu, bazawara, mai bakin da ko dillaliya tana kauce masa.

4. Ka yi haƙuri da gaisuwa

"Yaya, kin faɗa mashi?"

"Ina! Muna cikin gaisuwa aka kira sallah."

Washegari ta tafi da kwanon dambu, wai ba a korar mutum da yunwa. Daga baya har da lalle a ƙafa. Sagir ya ce, "Madalla, a ci gaba da matsa mashi."

5. Ka karɓi goro

Rannan Malam Dabo ya yi sallama da dattawan unguwa.

"Alhaji ƙarami, na bar haya."

Sagir ya kusa rangaɗa guɗa. Sai aka dire ƙwaryar goro: auren Lailatu ake nema. Ba uba ba baffa, shi ne waliyyi. Ya bayar.

"To Yaya, kasonki fa?"

"Na sayar in zauna ina? Mace rabi gare ta, ban da haɗama. A bar mini zaure da ɗakinsa kawai."

Dattawa suka shaida. 'Yan siyasa suka zo, suka kama zauren haya a hannun Malam Dabo, suka haɗa masa da kwangilar ɗinkin tuta. Sagir ya samu cikin gida gaba ɗaya, shi da gara. Kullum safe sai ya durƙusa ya gai da mijin yaya kafin ya ga titi.

Gargaɗi

Ni ban aiki kowa ba. In taka ta juye haka, kada ka ƙwanƙwasa mini ƙofa. Lallen kawai Lailatu ta ara a wurina, kuma ban tambaye ta inda za ta ba.